Zane-zanen Zakiya

Balad, Jidda
Rajab, 1388

Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Usuman da yara. Yaya ƙafar Inna? Ta'aziyyarku ta rasuwar Zakiya ta iso, Allah ya ba da lada. Mu nan lafiya lau, uwarta Mastura ma ta fara taɓa abinci. Kada Inna ta damu.

Na koma sayar da shayina a ƙofar gidan jarida. Akwai Ustaz Abdulghaffar, mai zanen barkwancin da duk Jidda ke sayen jaridar dominsa. Tun da ya ji ina da 'ya a kwance, in an gama buga zanensa sai ya ba ni na ainihin, mai tawadar hannunsa, in kai mata. Ta sa na cika mata bango da su, ba ta yarda a taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Mastura ta ce in sauke su, halas, wato ya isa haka. Na kai hannu, na kasa.

In kin sami mai zuwa Hajji, ki aiko da daddawa da kuka, ko bakin Mastura zai ƙara buɗewa.

Ɗazu Ustaz ya dawo daga doguwar tafiya, bai ji labari ba. Ya miƙo min sabon zane, jaki zaune cikin tasi, ya ce, "Yalla, kai wa mutuniyata. Gobe ka faɗa min ko ta yi dariya." Na karɓa, na yi godiya. Yaya, ban san me zan ce masa gobe ba.

Ku sa mu a addu'a. Allah ya jiƙanta, ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Na'ibi