Na Kayar da Yayana a Zaɓen Kansila

Anti Beryl, don Allah ki taimaka mini. Ina cikin farin cikin da ban taɓa jin irinsa ba, amma na rasa inda zan kai shi a gidanmu.

Mu masu kiwon tumaki ne a arewacin Ingila, kuma masu ra'ayin riƙau tun kaka da kakanni. Baba ya haura tamanin, shi ya riƙe reshen jam'iyya na ƙauyenmu tun ina firamare. Abin da ya koya mana ba shi da yawa: ka riƙe abin da ka gada har ka miƙa wa na baya, in gyara ya zama dole a yi shi a hankali, kuma iyali da coci da maƙwabci suna gaba da gwamnati.

Bara majalisar gundumarmu, wadda jam'iyyarmu ke riƙe da ita, ta ce za ta sayar wa wani kamfanin gine-gine filin gari domin ya gina gidaje. A filin nan ake baje kolin tumaki duk kaka, a nan na koyi keke, daga can ana hango kabarin Mama. Na je ofishin jam'iyya na yi ƙorafi, wani mai kwat ya ce mini yanzu kasuwa ce ke yanke hukunci. A mota na yi kukana, washegari na tsaya takara ba tare da jam'iyya ba. Wa kike jin jam'iyyar ta tsayar? Yayana Desmond, wanda ke goyon bayan a sayar da filin.

Na bi gida-gida cikin ruwan sama da takalmin roba, na sha shayi har na ƙosa. Kuma na ci, Anti! Ba da ƙyar ba, fintinkau na yi masa. An janye maganar sayarwa. Matan coci suka yi ta kaɗa ƙararrawa har fasto ya fito yana tambayar auren wa ake.

To, ga inda matsalar take. Ranar Lahadi a teburin Baba, Yaya ya ja mini kujera yana cewa, "Ranki ya daɗe, Kansila, ko ita ma ƙwacewa za ki yi?" Baba bai ko dube ni ba, sai cewa ya yi a gidansa ba a taɓa fita daga layi ba. Amma wata maƙwabciya ta rantse mini ta ji shi a kasuwar tumaki yana buga sanda, yana ce wa abokansa, "Yarinyar nan tawa ta yi musu kaca-kaca!" Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne ɗan Yaya, wanda ya yi aure amma ya rasa gida a ƙauyen, har yana shirin komawa birni. Na ci amanar gidanmu ne? In ɓoye murnata?

'Yar Makiyayi

'Yar Makiyayi, barka da nasara! Kada ki ɓoye murnarki, da guminki kika same ta.

Ba ki ci amanar kowa ba. Ki bambanta aƙida da manufofin gwamnati. A ƙasar nan masu ra'ayin riƙau sun taɓa kare manomi da haraji a kan hatsin waje, daga baya suka buɗe kasuwa. Sun taɓa alfahari da yawan gidajen gwamnati da suka gina, daga baya suka sayar wa masu haya. Manufa na sauyawa da zamani da neman ƙuri'a. Abin da mahaifinki ya koya muku a gida ya girmi duk wannan, kuma shi kika tsaya a kai.

Sai dai yayanki ma ba shirme yake ba. Ƙauyen da samarinsa suka tafi, makarantarsa ta rufe, ba a riƙe shi ba, ko da filinsa na nan kore shar. Ke kika tsare gadon, shi kuma yana tunanin waɗanda za su gaje shi.

Ga shawarata. Ki same shi ku biyu, ba a gaban Baba ba. Kada ki ba shi haƙuri a kan nasararki, kada kuma ki yi masa gori. Ki ce kina buƙatarsa, ku nemo wani wurin da za a gina gidaje kaɗan domin 'ya'yan ƙauyen. Ya san mutanen jam'iyya, ke kuma yanzu kina da kujera. Zolayarsa kuwa, ki rama da dariya, ciwon faɗuwa ne.

Baba kuma, ki ƙyale shi. Mutumin da ya ba jam'iyya ƙuruciyarsa ba zai yabe ki a gaban ɗansa da ya faɗi ba, shi ma uba ne a gare shi. Ki ci gaba da zuwa cin abincin Lahadi, kanki a ɗage.

Allah ya taya ki riƙo, Kansila, ya sa ki ga jikokin gidanku suna girma a ƙauyen da kika tsare.

Anti Beryl