Tabki Ya Tsare Ni a Hanyar Usisya

Temwani, sanyin idona, ruwan randata, ke da sunanki ke riga gaisuwa fita daga bakina,

A bayan littafin aikin ɗalibaina nake rubuto miki wannan, ina zaune kan dutse tsakanin ƙauyenmu da Usisya, tabki ya tsare ni gaba da baya. Kin ce in zo Usisya kafin jirgin ruwan yau ya ɗauke ki zuwa sabon wurin aikinki a arewa, in tsaya gaban kawunki in faɗa da bakina cewa aurenki nake so. Kin ce in ban zo ba, to kin ji amsata. Shekara guda ina jan ƙafa, ban musa ba. Amma yau na taso, Temwani, Allah ya sani na taso!

Da sassafe na nemi kwalekwale. Tsoho Longwe masunci yana ɗinkin komarsa, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Malam, iskar kudu na tafe. Yau ko surukina ne ya roƙe ni ba na shiga ruwa. Ka hau ta tudu, ka rabu da hanyar gaɓa, tabki ya ƙaru bana. Ko shi ma sai na rubuta maka a allo?"

Dariya na yi. Ni da aka binne cibiyata a bakin tabkin nan, ni za a koya wa hanya? Ta tudu awa shida ce, ta gaɓa huɗu. Kuma ta gaɓar ce muka bi tare bara, ranar da kika rataya takalmanki a wuya, kika tsaya gindin ɓauren nan kina kwaikwayon kukan gaggafa har birai suka yi tsit suna kallonki. A nan kika gutsuro tuwon rogo da ɗan busasshen kifi kika sa min a baki, kina tsokanata wai ga malamin makaranta amma cin abinci ma sai an koya masa. To ta yaya ƙafata za ta yarda da wata hanya?

Ɓauren nan yanzu a cikin ruwa yake tsaye. Na ɗora jakata a ka, na ratsa gindin dutsen farko, ruwa iya ƙugu. Fitowata ke da wuya iskar ta iso. Dutsen da ke gabana igiyar ruwa na dukansa, tana tashi sama da tsayin mutum. Na juya, inda na ratso ya rufe. Ta gefen tudu kuwa hawa ne a miƙe, daji ya haɗe da ƙaya da sarƙaƙiya. Sau uku na kama saiwa na hau, na zamo, tafin hannuna duk ya yayyage. Abin da ya rage min na ƙasa bai kai faɗin ajina ba, a ciki nake ta kai da komo tun hantsi.

Tsoro nake ji, hasken raina, amma ba na ruwa ba. Kina can kan yashi da akwatinki, kina waiwaye, kawunki na gyaran murya, ni kuwa ina nan tafiyar awa ɗaya tak daga inda kike! Wa zai gaya miki? Birai?

Na ajiye biro ɗazu, yanzu na dawo kan takardar. Da la'asar jirgin ya ɓullo daga wajen Usisya. Na haye dutse, na tuɓe riga ina kaɗawa, ina kiran sunanki har muryata ta dishe. Kuma mutanen ciki sun gan ni, Temwani, sun gan ni! Sai suka yi abin da kowa ke yi a tabkin nan in ya hangi mutum a gaɓa: maza suka ɗaga huluna, mata suka kaɗa mayafai, cikin murna, jirgin ya wuce abinsa.

Iskar na kwantawa zan ƙarasa gidan kawunki, ko da rarrafe, in faɗi maganar da ya kamata ya ji tun bara. Ki daure kada ki rufe ƙofa kafin takardar nan ta same ki. In kuwa kina cikin masu ɗaga hannu, ki sani mutumin nan da ke kan dutse ba bankwana yake yi miki ba.

Naki ke kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,
Fumbani