Muryar Baba a Shafina

Anti Barira, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ina sayar da irin shinkafa a kasuwar Haɗeja. Bara na fara koyon haɗa shafin intanet a wayata, sha'awa ce kawai. In ciniki ya lafa sai in zauna ina gwadawa, in ɓata in gyara. Ranar da hoton farko ya fito, fadamarmu ce da hantsi, ruwa ya kwanta, balbelu suna sauka, na daɗe ina kallo kamar ba nan na tashi ba. Na zuba sunayen kifaye, tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, da wuraren da muke su kafin ciyawar kacala ta cinye su. Nakan yi tunanin wani can nesa ya buɗe, ya ji kamar yana bakin kogin.

To, akwai muryar marigayi Baba a wayata, yana waƙa yana tuƙa kwalekwale. Na ɗora ta a shafin, na kunna wa Inna ina murna. Sai ta fashe da kuka, ta ce in cire, mamaci addu'a yake buƙata, ba a baje shi gaban duniya ba. Tun ranar ba ta sakar mini fuska ba. Ba na son saɓa mata, amma duk sa'ad da na kai hannu sai in ji kamar zan sake binne shi.

Ɗan Masunci, Haɗeja

Ɗan Masunci, Allah ya jiƙan Babanka. Sha'awarka mai kyau ce, kada ka bari. Amma kai mahaifi ka ji, ita kuwa mijinta ta ji ba shiri, kuma ta san baƙi ma za su ji. Tana da haƙƙi a muryar nan.

Sauke ta daga shafin yau. Saukewa ba gogewa ba ce, tana nan a wayarka. Ka je ka ba Inna haƙuri, kada ka kawo hujja. In zuciyarta ta huce, ka tambaye ta yadda kogin yake lokacin ƙuruciyarta, ka nemi izininta kafin ka rubuta. Wataƙila wata rana ta ce ka kunna mata. In ba ta ce ba, ka bar zancen.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya sa wa hannunka albarka.

Anti Barira