Ina Ramewa, Maƙwabciyata Tana Ƙiba, An Ce Mayya Ce

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Sabon Gida, wajen Madawa. Mijina yana Abijan wajen bida, wato neman kuɗi, kamar yawancin mazan garinmu, sai shekara ta zagayo yake leƙo mu. Da zai tafi ya bar ni amana a hannun uwarsa, wadda muke kira Inna, ita kuma ta ce masa ya tafi hankali kwance, zai tarar da ni na fi yadda ya bar ni. Kun san abin da wannan magana ke nufi a wajenmu. Mace in ta cika zane, an ce gidan miji ya karɓe ta. In ta rame kuwa, gaba ɗaya dangin miji ne suka ji kunya. Ni kuma tun ina budurwa mai jiki ce, har Inna takan yi alfahari da ni a wajen buki, ta ce a dubi surukarta a ga inda ake ci a ƙoshi.

Abin da mutane ba su gani shi ne cikina biyu ya zube, na biyun ya kusa tafiya da ni. Ƙafafuna sun kumbura, kaina kamar ana daka a ciki. Ungozomar asibitin Madawa ta auna ni ta ce tansiyo ɗina, wato jinina, ya hau sosai, kuma in ina son in goya ɗa a bayana da raina, sai na rage jiki kafin in sake ɗaukar wani ciki. Da na dawo gida, wayon da na yi shi ne na daina karin kumallo ɗungurungum. Sai in zauna da yunwa har azahar, jiri yana ɗibana a bakin turmi, daga nan in faɗa wa tuwo in ci na mutum biyu, da la'asar in bi da fura. Da na koma wajen ungozomar aka ɗora ni a ma'auni, ƙaruwa ma na yi. Matar nan ta yi mini faɗa kamar ƙanwarta. Ta ce wa ya aike ni in kashe kaina da yunwa? Ta ce in riƙa karyawa kowace safiya, amma da abin da zai riƙe ciki, kamar kunun gero ba sukari, dafaffen wake, ƙwai ko kwaɗon zogale, in bar soye-soye. Ta ce in cikina ya samu abu da safe, ba zan rufe ido in auka wa abincin rana ba.

To ga inda matsalar take. Inna masa da fanke take soyawa tana sayarwa a tasha, kuma tun ranar da aka kawo ni gidan, kwanon farko nawa ne. Kowace safiya kafin ta fita za ta aje mini shi a bakin ƙofa, masa ta sha mai, fanke an barbaɗa masa sukari, ga kofin kunu da zaƙi har yana kama harshe. Da hantsi in ta dawo ta ɗauki kwanonta. Na taɓa gwada gaya mata. Na durƙusa na ce likita ta ce in rage mai da sukari. Ta dube ni ta ce, "Wato masar tawa ce ta zubda miki ciki?" Ta share hawaye da bakin mayafi ta shige ɗaki, kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau. A wajenmu ka mayar wa mutum da kwano da abinci a ciki, kamar ka ce masa kana zargin ya sa maka wani abu ne. Ta yaya zan yi wa uwar mijina haka, matar da ta yi jinyata tana wanke mini zane da hannunta?

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa, zan kira ta Kaka Shatu, ba sunanta na gaskiya ba ne. Mijinta ya rasu, saƙar tabarma take yi, daga ita sai jikanyarta guda da ta raina tun tana jaririya. Ba su da dangi a garin, asalinsu can arewa ne wajen Keita. Wata safiya ta shigo ɗiban wuta ta tarar da ni na tasa kwanon a gaba ina kuka. Na gaya mata komai. Ta yi dariya ta ce in dai cin masa ne damuwata, ai na samu mai taimako, haƙoranta sun ƙare amma masa ba ta gagare ta ba. Na roƙe ta kada kowa ya ji, ta ce ta ɗauka amana. Tun daga ranar, Inna na fita Kaka Shatu za ta shigo da kabarta, ta zauna tana saƙa tana cin masa, ni kuma ina shan kununa ba sukari da ɗan wakena, muna hira tana tsokanata wai ni ce mai gida amma ita ce amarya. In Inna ta tambaye ni ko na ci, sai in ce na ci, Allah ya saka da alheri. Ƙarya kowace safiya, kuma ban ji nauyinta ba, don ina ganin ba wanda na cuta.

Wallahi abin ya yi mini aiki. A hankali jikina ya sauka, ciwon kai ya tafi, na koma ina zuwa rijiya in dawo ba haki. Ungozoma ta yi murna ta ce in riƙe haka, kada in saki karyawar safe, don sauke jiki ya fi riƙe shi sauƙi. Ni ina jin daɗi, ashe Inna tana can ba ta barci. Ta ƙara mini mai a masa, ta ƙara yawan fanke, kwano yana dawo mata wayam, ni kuma zane sai ƙara zagaye ni yake. Ta kai ni wajen malam aka ba ni rubutu na sha, ina sane da cewa lafiyata lau. A nan ya kamata in yi magana, ko ba haka ba? Ban yi ba.

Sai matan unguwa suka fara lissafi. Abinci yana shiga cikin yarinya amma ba ya zama, to ina yake zuwa? Wa ke shiga gidan kowace safiya in Inna ta fita? Kuma wace ce wadda da ƙasusuwan wuyanta ke waje, yanzu kumatunta sun ciko har tana sheƙi? Wata rana Inna ta dawo daga tasha da wuri ta tarar da Kaka Shatu tana fitowa daga ɗakina tana goge baki. Da yamma kawun mijina ya zo ya tsaya a ƙofar tsohuwar nan, a gaban jama'a, ya ce kada ƙafarta ta sake taka gidanmu, kuma ta saki kurwar yarinyar mutane tun ana shaida juna. Ina tsaye a bayan zana ina jin komai. Kalma ɗaya daga bakina ta isa. Amma sai na tsaya ina tunanin fuskar Inna in ta ji cewa duk watannin nan abincin da take tashi da asuba ta soya mini wata nake ba. Kaka Shatu ta dubi wajen da nake, ta sunkuyar da kai, ta shige gida.

Tun daga nan babu mai sayen tabarmarta. Mata suna janye ƴaƴansu in ta biyo hanya, a rijiya ba mai karɓar gugarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jikanyarta. Akwai yaron da suke son juna, wani mai noman albasa, har an kai gaisuwa, yanzu iyayensa sun ce a dakata, don kowa ya san ana cewa maita a nono ake shanta. Yarinyar da ba ta ci ko loma ɗaya ta masar nan ba.

Na ce bari in gyara ba tare da na tona kaina ba. Inna ta daina fita da wuri, takan zauna sai ta ga na cinye kwanon, ni kuma na riƙa ci, ina cewa a raina in na mayar da jiki maganar za ta mutu. Jikin kuwa ya fara dawowa da gudu, ciwon kai ya biyo shi, ungozoma ta auna ni ta tambaye ni ko na gaji da rayuwa ne. Kun san abin da mutanen gari suka ce? Sun ce to ga shi nan, daga hana tsohuwa shiga gida yarinya ta fara murmurewa, wace shaida kuma ake nema? Na tsorata na koma ina ɓoye masar a zane in Inna ta kau da ido, ina zuba wa awaki. Jikin ya sake sauka, sai aka ce mayyar ta sake kamawa, ba ta saki ba. In na yi ƙiba mayya ce, in na rame mayya ce. Ina zan sa kaina?

Yanzu kawu ya yanke cewa ranar Juma'a mai zuwa za a kawo ta tsakar gidanmu a kwantar da ni a tabarma ta tsallake ni a gaban mutane, kamar yadda ake sa wanda aka kama da maita. In ta tsallake, ta amsa sunan ke nan har jikokin jikokinta. In ta ƙi, za su ce ta bar garin, kuma ba ta da inda za ta. Mijina ya kira ni a salula yana kuka, yana cewa in yi haƙuri, ya bar ni a hannun mugaye, yana sa wa uwarsa albarka da ta gano abin da wuri. Na buɗe baki in gaya masa, sai na ji ina cewa na gode.

Jiya da hantsi na leƙa ta kan katanga na gan ta zaune, kaba a gabanta ba ta saƙa, duk kumatun nan sun zube. Na ce Kaka, me ya sa ba ki faɗa musu ba? Ta ce, "Ɗiyata, amana kika ba ni, ba a gaban jama'a zan aje ta ba. Ni na tsuhwa, ko me suka kira ni na kusa tahiya. Yarinyar nan dai nake ji." Sannan ta tambaye ni ko na karya da safe, wai kada in bar kunun nan saboda ita.

Ban san yadda na koma ɗaki ba. In na faɗi gaskiya, Inna za ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, ta sa an ci mutuncin tsohuwa a kan ƙaryata, kuma na san ba za ta iya sake duban fuskata ba. Mijina ba ya haɗa uwarsa da kowa, aurena zai iya mutuwa a ranar. Ban ma tabbata za su yarda ba, don na ji wata tana cewa wanda aka kama kurwarsa mayen yake karewa. In kuma na yi shiru, ranar Juma'a zan kwanta a kan tabarma, wataƙila ma wadda ita ta saƙa, in rufe ido matar da ta rufa mini asiri ta tsallake ni.

Inna zan fara samu ita kaɗai, ko ungozoma zan roƙa ta zo ta yi musu bayani, ko mijina zan kira? Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a. Me zan yi?