Awakina Sun Narkar da Tattaka

Laraba, bayan isha'i

Har yanzu hannuna warin kashin awaki yake, amma wallahi ko a jikina. Yau sakamako ya fito!

Kwana da kwanaki ina bayan kamfaninmu na abincin dabbobi a Challawa, ina auna tattakar shinkafar da awaki suka ci, in kwashe kashinsu in busar, in ɗora a sikeli. Abin da bai fito ba, shi ciki ya narkar. Wasu na ba su tattaka zalla, wasu kuma wadda na jiƙa da ruwan takin yuriya, na rufe da leda har ta yi laushi.

Sau uku ina maimaita lissafin, ina tsoron ko zumuɗi ne ya rufe min ido. Malam Habu, shugaban sashenmu, ya karɓi takardar, ya bi lissafin layi-layi. Can ya ce, "Hadiza, masu yuriyar nan sun fi narkarwa, kuma ba kaɗan ba." Saura ƙiris in rangaɗa guɗa a gaban leburori.

Tun a adaidaita sahu na kira Baba a ƙauye. Ranar Asabar zai cinna wa tattakar gonarsa wuta, ga awakinsa duk rani daga fata sai ƙashi.

"Baba, don Allah kada ku ƙone ta bana."

"To me zan yi da shara?"

"Ku ajiye min, Juma'a ina tafe da taki da leda."

Ya yi dariya. "Allah Ya kawo ki lafiya. Ashanar dai na mayar aljihu."