Awon Damtsen Baba

Kankiya,
Litinin, 6 ga Mayu.

Zuwa ga ƙanwata Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da jaririya da maigidanki Auwalu. Ya ruwan zafi? Allah ya raya mana.

Takarda na rubuto na ba Dawuda direba, don wayar gidanku a aljihun Auwalu take zama, maganar nan kuwa ba ta kunnen suruki ba ce.

Ranar Asabar da Auwalu ya kawo Baba asibiti saboda gyambon ƙafarsa, ni ce a kan aiki. Yanzu ƙa'ida ce a wurinmu, duk wanda za a ba gado, ko da wane ciwo ya zo, sai an ɗora shi a sikeli, an auna damtsensa da tef irin na teloli, an tambaye shi ko ya rame a 'yan watannin nan, ko cinsa ya ragu. Mutum nawa na yi wa haka ko a jikina. Na tambayi Baba, ya kau da kai kamar yadda ya saba yi mani, ni 'yar fari, ya gaya wa bango cewa alhamdulillahi yana ci yana sha. Na ce ya cire babbar riga. Ashe riguna uku ne a jikinsa, a wannan zafin.

Rahamatu, da na zagaya tef ɗin sai da na sake, na zaci hannuna ne ya kuskure. Santimita sha takwas. Baban da ke saɓa buhun gero shi kaɗai! Sikeli ya nuna kilo arba'in da ɗaya, agogonsa ya zame har gwiwar hannu. Da hannuna na rubuta tamowa mai tsanani a katin ubana, abokan aiki suna kallo. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Likita ya ce gyambon ba zai haɗe ba muddin jiki ba shi da abin da zai yi gini da shi, kuma in gyambon ya ci gaba da cin naman wurin, ƙafar ce za ta tafi.

Tun rasuwar Inna na bar maki shi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanki da nasa, kuma wata bai taɓa mutuwa ban aiko da hatsi da mai ba. To ki gaya mani, ina abincin yake zuwa? Kada ki yi mani kwana-kwana.

Ki gaida mutanen gida.

Yayarki,
Amatullah

Kaikai, Kusada,
Laraba, 8 ga Mayu.

Zuwa ga Yaya Amatullah,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya jikin Baba? Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Yaya, takardarki ta iso, na karanta sau uku. Na yi kuka har uwar mijina ta tsawata mani, wai mai jego ba ta sa damuwa. Allah shi ne shaidata, tun da Inna ta rasu ban taɓa sauke tukunya ban fara zuba nashi ba. Har da tsohon ciki ni ke kai mashi zaure da kaina, cikin babban kwanon nan nashi mai murfi, safe da rana da bayan magariba. Kwano ya tafi cike, ya dawo a suɗe. In na tambaya ya ce miya ta yi daɗi, Allah ya yi albarka. Me zan ce kuma? In tsaya a kanshi ina ƙirga loma?

Ramar na gani a fuska, ba zan yi maki ƙarya ba. Na ce azumi ne. Da salla ta wuce na ce zafi ne. Ni ba ni da tef.

Amma ke fa, Yaya? Ki yi haƙuri, gaba kike da ni, sai dai Kankiya zuwa Kaikai ba tafiyar Makka ba ce. Rabonki da gida tun cikar Inna shekara. Buhu kike aikowa, buhu kuwa ba ya gaida mutum.

Ga fura nan na sa an daka, da kuka da daddawa. Saura kwana sha tara in gama wanka, da ƙafata zan zo. Ki gaishe mani da Baba, ki ce takwarar Inna tana gaisuwa.

Taki,
Rahamatu

Kankiya,
Litinin, 13 ga Mayu.

Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Saƙo ya iso, Allah ya saka. Maganar buhu ta shige ni, kuma na cancanta. Bakina ya riga hankalina, kin san hali. Ki yafe.

Abin da kika faɗa na gani da idona. An tsara masa kunun gyaɗa da madara da ƙwai, kaɗan-kaɗan sau shida a yini. In na kai sai ya ce in ajiye nan, zai ci. In na zagayo in tarar kunu ya yi sanyi har ya kama fata. A nan ba inda zai kai shi, shi ya sa asiri ya tonu. Na lallaɓa, na yi faɗa, har na ce za a zura masa roba ta hanci. Ya ce Allah ya kyauta, ya ja carbinsa. Na koma ɗakina na haɗa shayi na sha a tsaye kamar kullum, na rasa wanda zan gaya wa.

Ranar Alhamis aka kwantar da wani tsohon makiyayi, Jaji, daga wajen Fakuwa, a gadon da ke kusa da nasa. Sa ne ya take shi. Shi ma na auna shi, siriri ne amma naman jikinsa na nan. Da azahar matarsa Inno ta dama masa fura da nono ta fita. Jaji ya jawo kujera tsakanin gadajen biyu, ya ɗora ƙwaryar, ya ce, "Malam, bisimilla."

Rahamatu, Baba ya miƙa hannu ya ɗauki ludayi. Ina laɓe bayan ƙofa suka shanye ta tas, suna musu a kan ko ruwa zai sauka kafin ƙarshen wata. Da aka kawo ƙwansa, shi ya ɓare ya raba biyu. Kwana huɗu ke nan suna ci tare. Na ninka abin da ake kawo masa don kada rabon ya cuce shi, bai ma lura ba.

Ashe ba cikinsa ne ya ƙi abinci ba. To amma ranar Juma'a za a sallami Jaji. Ki bincika mani abu guda: da wa Baba yake cin abinci a gida?

Ki shafa mani kan takwarar Inna.

Yayarki,
Amatullah

Kaikai,
Alhamis, 16 ga Mayu.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna ta addu'a. Komai ya wuce, ni ma ki yafe mani.

Na tambayi maigidan. Amsar ita ce, ba kowa.

Kin tuna ciyayyarsu a gindin itacen bedin nan na ƙofar masallaci? Kowa a fito mashi da kwanonshi daga gida, su haɗa su ci tare, shi da Malam Hamma da Zakiyyu wanzami da Alhaji Kabir. Tun ba a haife ki ba suke haka. Zakiyyu ya rasu bara waccan. Alhaji Kabir 'ya'yanshi sun ɗauke shi zuwa Kano. Saura su biyu, har Malam Hamma ya rasu cikin Rajab. Ran da aka yi sadakar bakwai Baba ya naɗe tabarmar ya jingine a zaure, tana nan har yau. Ni ina cikin gida, na yi ta kai kwano, ban taɓa tunanin wa zai ce mashi bisimilla ba.

Maigidan ya ce sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya wanke hannu ya zauna. Baba ya miƙe wai alwala za shi yi, bai dawo ba sai da ya ga ya tafi. Ina suruki ina kwano ɗaya? Ya kuma ce ya taɓa hango shi yana juye tuwo a kaskon ragon nan na bayan zaure, kunya ta hana shi faɗa, kada a ce ya sa wa surukinshi ido. Na leƙa na ga ragon, Yaya. Ya yi ƙiba har mahauta sun fara tayawa. Na yi dariya, sai kuma kuka ya ƙwace mani.

Wata huɗu yana yabon miyata bai san ɗanɗanonta ba. In ya dawo wanga zaure, da wa za shi ci? Sa'o'inshi sun ƙare a unguwar. Na juya abin na rasa mafita.

Allah ya dafa mana. Ki gaida Baba.

Taki,
Rahamatu

Kankiya,
Litinin, 20 ga Mayu.

Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya.

Jaji ya tafi ranar Juma'a. Asabar Baba bai sa komai a bakinsa ba. Jiya na tuƙa tuwo da kukarki, na jawo kujerar nan, na wanke hannu na zauna. Ya gaya wa bango cewa ɗiya ba ta cin kwano ɗaya da uba.

Na ce, "Baba, tun da aurena ya mutu, shekara huɗu ke nan ina ci a tsaye ni kaɗai. Ba don kai kawai na zauna ba."

Can sai ya juya kwanon, gefen nama ya dawo wajena. Loma tara ya yi, na ƙirga.

Tef yana nan a sha takwas, likita ya ce ƙafar sai mun gani. Ki ce wa Auwalu ko an sallami Baba kada ya zo ɗaukarsa, wurina zai zauna. Ki ba Dawuda tabarmar nan ta zaure, da babban kwanon mai murfi. Nawa duk na mutum ɗaya ne.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Amatullah