Gurbin Asiya a Shafi

Zongo, Kutonu
Litinin

Zuwa ga autata Kaoutar,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman Parakou? Mu nan babanki lafiya lau, sai gwiwar nan da ke hana shi hawa zemijan, babur ɗin haya. Yayarki Hauwa ta warware daga zazzaɓi, ta koma rumfarta a kasuwar Missèbo. Jikata Ikram tana haƙori, ba ta barin kowa ya huta. Ni jikina ƙalau, hankalina ne bai kwanta ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Sai da na shekara hamsin da huɗu na riƙe alƙalami, ba zan ajiye shi ba. Hauwa za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki.

Ranar Asabar ta sama za a ba mu difilom, mu matan ajin yaƙi da jahilci. Tun da ni ce sakatariya, an ce in jera sunayenmu a shafin intanet ɗin da kika buɗe wa ƙungiyarmu da ƙaramar Sallah, don dangi na Yamai da Kandi da Ikko su gani a wayoyinsu. Na jera mu yadda muke zama a benci.

Kin san aminiyata Asiya, Allah ya jiƙanta, ta rasu saura wata biyu mu gama. Tsakanina da Zahida take zama, kuma har yau ba wadda ta matsa wurin. Ko jaka ba ma ɗorawa. Malamarmu ta ce ba za a sa sunanta cikin waɗanda suka gama ba, tun da ba ta yi jarrabawa ba. Ɗanta Rachidi kuma ya ce bai yarda sunan uwarsa ya hau intanet ba. Ban ja da kowa ba. Na ce to, zan bar mata gurbi, wanda ya sani ya sani.

A kwamfutar ƙungiya, bayan sunan Zahida na danna dogon maɓallin nan na ƙasa mai ba da tazara sau ashirin. A akwatin da nake rubutu fili ya buɗe, har na yi hamdala. Da na buɗe shafin kansa, sai ga sunana manne da na Zahida, tazara ɗaya tak, kamar ba a taɓa yin Asiya ba. Na danna sau hamsin, haka. Babanki ya ce shafin ya fi ni sanin tsadar fili a Kutonu. Ban yi dariya ba.

Ni ce na ɓata wani abu, ko haka halinsa yake? Ki faɗa mini gaskiya, ba zan ji haushi ba.

Mahaifiyarki,
Sakinatou Arzika

Zongo, Kutonu
Lahadi

Autata,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Kowa lafiya, haƙorin Ikram ya fito.

Amsarki ta iso, na karanta sau uku. Yanzu na gane ba laifina ba ne: shafi yana ɗaukar tazara hamsin kamar ɗaya, yana tattare su ya zubar da sauran. Kuma na gane akwai wata tazara ta daban wadda ba ya taɓawa, sai an rubuta ta da alamomi shida,   kamar yadda kika zana mini. Ta farkon nan mai kama da mace zaune ta naɗe ƙafa ta ba ni wuya kafin in same ta a kwamfutar ƙungiya. Kin ce in kwafa in liƙa, amma ban yarda da hannuna a wannan ba, da ɗai-ɗai na buga.

Na fara da sha biyar, adadin harufan sunanta da na babanta har da tsakaninsu. Gurbin ya fito siriri, Asiya kuwa ba siririya ba ce. Na kai su arba'in. A kwamfuta ya yi kyau ƙwarai. Zahida ta gani, ta ɗora yatsa a farin wurin.

Matsalar a waya take. Kin ce wannan tazarar ba ta yarda a karya layi a kanta. Na karanta, ban auna ba. Ashe na ɗaure sunan Zahida da gurbin da sunana sun zama abu guda, ga kuma manyan harufan da kika sa saboda idanunmu. A wayar Hauwa layin ya wuce bakin gilashi. Daga sunana "Sa" kawai ake gani, sai Arzika shi kaɗai a layin ƙasa. Sai an ja shafin da yatsa sauran ke fitowa, wa zai san ya ja? Raïmatou mai atamfa, 'yar ajinmu, tana ta tsokanata, wai Madam Sa, shekara uku a benci harafi biyu kika samu. Malama ta ce in goge gurbin a huta, kada baƙi su ce ƙungiya ba ta iya aiki ba. Na roƙe ta ta ba ni zuwa Juma'a, domin bayan an sauko masallaci ake tura wa mutane shafin.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son kawunki na Yamai, wanda ya ce tsohuwa ba ta koyon karatu, ya ga sunana cikakke. Na daɗe ina jiran wannan.

Don Allah ki duba ko akwai yadda gurbin zai tsaya ni ma in tsaya. Ki rubuto mini dalla-dalla, kada ki shiga ki gyara da kanki, ni zan yi. Amsarki ta same ni kafin Alhamis, don in gwada a wayoyi uku ko huɗu. In kuma babu hanya, ki faɗa mini. Zan tura shi yadda yake. Ni ina da rai, ranar Asabar zan iya miƙewa in faɗi sunana da bakina.

Taki har kullum,
Sakinatou Arzika